Ranar Da Na Kama Hannun Dival

Kafin ku fara yi min ruwan zagi a ƙarƙashin rubutun nan, ku bari in gama tukuna. Na san halinku sarai, musamman ke da kike rubuto min "Jussara, kishi zai kashe ki" duk mako kamar aikin da aka ɗauke ki ke nan. Bai kashe ni ba, ga ni da raina, amma yau da ƙyar nake riƙe wayar.

Ga wanda yau ya fara shigowa shafin nan, sunana Jussara, a gida Ju, ina gyaran farce a wani shago a nan birnin Belo Horizonte, ƙasar Brazil. Wanda zan aura sunansa Edival, kowa Dival yake ce masa, mai gasa burodi ne. Zoben baikonmu yana hannun dama, nawa da nasa, ya kusa shekara biyu yana jiran ranar ɗaurin aure, da Fadan cocinmu zai mayar da shi hannun hagu kamar yadda al'adarmu take. Abin da ya tsayar da mu ba rashin kuɗi ba ne, ruwan sama ne.

Yana ɗan saurayi, tudun da ke bayan gidan burodin mahaifinsa a garinsu ya zaftaro cikin damina, laka ta rufe shagon da mutanen ciki. Mahaifinsa bai fito da rai ba. Mutum biyu aka tono suna numfashi, Dival da yarinyar da ke karɓar kuɗi a kanta, Rosimeire, wadda yake kira Meire. Tun daga ranar, da hadari ya haɗo sai jikinsa ya ɗauki rawa, gumi ya jiƙa masa riga, ya nemi lungu ya durƙusa yana kakarin amai. Kuma ni nake zuwa. Ko ina tsakiyar shafa wa mace jan farce, da na ji tsawa zan ba ta haƙuri in tari babur. In je in riƙe hannunsa, in yi ta masa surutun banza har ruwan ya ɗauke. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin hakan. Ba ciwonsa nake wa murna ba, Allah ya kiyaye. Yadda yake ɗago ido ya gan ni ne, kamar babu wata mace a duniya sai ni.

Ranar Talata na dawo daga aiki na tarar da Mama a kicin tana mulmula burodin cuku, ta ɗaura ɗankwalin nan nata mai hoton lemo da ya ƙi tsufa.

"Ju, na haɗu da Fada bayan addu'a. Ya ce akwai Asabar ɗaya a Janairu da ba wanda ya kama."

"Mama, Janairu fa tsakiyar damina ce."

"To sai a daina aure da damina? Ni da ubanki da lema muka shiga coci, har yau ban ga abin da ya cinye mu ba."

"Kin san lalurarsa."

"Na sani, kuma ina tausayinsa, yaron kirki ne. Amma ba ki ce min yana zuwa wajen likitar nan mai mayar da mutane baya ba? To ta mayar da shi, ta dawo mana da shi, mu san inda muka dosa." Ta dangwara wani mulmule a faranti. "Ranar Lahadi zai zo cin abincin rana. Ko ya buɗi baki ya faɗi rana a gabana, ko ki cire zoben nan yatsanki ya sha iska. Na gaji da matan coci. Ɗan Dona Cida mai kantin magani har gobe tambayarki yake."

"Mai kai kamar kabewa?"

"Kabewar da ba ta tsoron hadari ba."

Na ja tsaki a ciki na shige ɗaki, don Mama in ka amsa mata ɗaya sai ta ba ka goma.

Likitar da take nufi ita ce Dakta Celina. Wata uku ke nan Dival yana zuwa wajenta duk Juma'a. Takan kwantar da shi ya rufe ido, ta yi ta masa magana a hankali har jikinsa ya saki, sannan ta bi da shi sannu sannu ya koma ranar da ƙasa ta rufe su. Ni da farko dariya na yi, na ce mutum yana gudun abu ke kuma ki kai shi bakinsa. Sai ga shi abin yana aiki. Makon jiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ajiye wayata a cinya ina jira, har na saka takalmi. Shiru. Na kasa haƙuri na rubuta masa:

"Ana ruwa a wajenmu. Kana lafiya?"

Sai da ya ga dama ya amsa: "Lafiya lau, Ju. Ina kwaɓin fulawa. Na yi numfashin da Dakta ta koya min, ya wuce."

Na tura masa hoton zuciya har uku. Na cire takalmina, na koma na zauna. Mace ta gari murna za ta yi, na sani. Ni dai ji na yi kamar an kore ni daga aiki ba sallama.

Da yamma ya biyo ta shago ya raka ni tashar bas, yana ta fara'a, har da saya min gasasshiyar masara. A nan ya ƙarasa ni.

"Kin san abin da ke fito da ni duk lokacin da Dakta ta mayar da ni wurin? Hannun Meire. Akwai wata 'yar kafa tsakanin katako da bango, ta nan ta zuro hannu ta kama nawa. Ta yi ta ce min, Dival kar ka yi barci, Dival ina nan. Da na iso wurin sai in ji ƙirjina ya buɗe."

"Allah sarki," na ce. Masarar ta koma min kamar tsakuwa a baki.

"Na manta da wannan ɓangaren gaba ɗaya fa, Ju. Laka kawai nake tunawa."

"Ai kuwa ta kyauta."

A cikin bas na nemo ta a waya. Na so in ganta da kumatu da haƙora a waje, amma Allah bai ba ni wannan ba. Doguwa ce, gashi har baya, tana aikin jinya a wani asibiti a Contagem, nan kusa da mu. Tana ɗan ɗingishi, na gani a wani bidiyo, kuma ko ɗingishin ya yi mata kyau. Na buɗe hotunan hannunta na ƙara musu girma, abin da na fi sani ke nan. Farce a yanke, ba jan farce, ba zobe a dama ba a hagu. Sai da na wuce tasharmu ban sani ba.

Ku gaya min, da me zan yi takara? In wata ce ta yi masa girki, sai in fi ta. In kwalliya ce, sana'ata ce. Amma wannan tana zaune a wani wuri a cikin kansa da ni ban taɓa takawa ba, kuma duk Juma'a ana kai shi ya gaishe ta.

Ranar Alhamis saƙonsa ya shigo: "Gobe ina so ki shiga tare da ni. Na roƙi Dakta, ta yarda. Akwai abin da bakina ba ya iya faɗa miki, gara ki ji da kunnenki kafin in zo gaban Dona Neuza."

Dona Neuza ita ce Mama. Wato maganar rana yake shirin yi. Na yi tsalle a kan gado, sannan na zauna na fara tunanin abin da zan saka, kamar Meire za ta gan ni.

Na saka doguwar rigata ruwan ƙwai mai igiya a ƙugu, da takalmi mai tsini wanda ke cin ɗan yatsana, da 'yan kunne masu lilo. Farcena na shafe su ja wur. Dival ya zo da farar riga, da ɗan ɓurɓushin fulawa a bayan kunne, na goge masa a cikin lif.

Ɗakin Dakta Celina ƙarami ne, labule ruwan toka, da doguwar kujera mai bargo, da tukunyar fure a lungu. Na'urar sanyi kuwa kamar ana ajiye kifi. Ita kanta 'yar gajeruwa ce mai furfura, da tabarau a rataye a wuya. Ta tura Dival ya wanke fuska, ta zaunar da ni.

"Jussara, zan gaya miki abin da muke ƙoƙarin yi, don kar ki tsorata. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki da aikinsa gadi ne. In ya hango haɗari sai ya kwarma ihu, zuciya ta buga, jiki ya shirya gudu. Na Dival tun ranar nan bai yarda an fito da shi ba. Da ya ji ruwa sai ya ɗauka yau ne, ya danne ɓangaren gaba mai tunani, wanda zai ce masa ai abin ya wuce."

"To in kin mayar da shi can ba ƙara masa kike ba?"

"Zai iya zama haka in an yi garaje, shi ya sa muke tafiya a hankali. Abin da masu bincike suke gani shi ne, duk lokacin da mutum ya tuno abu, tunanin yakan ɗan yi laushi kafin ƙwaƙwalwa ta sake adana shi. Kamar kwaɓin burodin Dival ne kafin ya shiga wuta. In ya tuno alhali jikinsa a natse yake, ana sa ran ya koma da ɗan wannan natsuwar. Ba kowane likita ne ya yarda da hanyar nan ba, kuma ba kowa take wa aiki ba. Tana da haɗarinta ma, don abin da bai kamata ba zai iya mannewa a ciki."

Na gyara zama. "Wato abin da ya shiga a lokacin, da shi za a adana?"

"Zai iya. Shi ya sa ni kaina ba na sa masa magana a baki, tambaya kawai nake. Ke kuma ga kujerarki can. Ba magana, ba motsi, kuma duk abin da kika gani kar ki taɓa shi. Ko kuka yake, ko ihu. Kin ji ni, 'yata?"

"Na ji, Dakta."

Na ji ɗin, amma ba gargaɗin ne ya zauna min ba. Abin da ya zauna min shi ne akwai ƙofa, kuma ana buɗe ta.

Dival ya kwanta, ta lulluɓe masa ƙafafu. Ta fara da muryar nan tata mai sanyi, ya ja numfashi, ya sauke, ya saki kafaɗa, ya saki muƙamuƙi. Ta tambaye shi abin da yake gani. Ya ce tanda, da buhunan fulawa, Baba yana rera waƙa yana ƙirga tire. Muryarsa ta koma ta yaro, ban taɓa jin ta haka ba. Sai ya ce ƙara. Sai ya ce duhu.

"Laka a bakina," ya ce. "Ba na iya juya kai."

"Kana ɗakina, Dival, yau Juma'a, kana numfashi. Kallon abin kawai kake. Me ya biyo baya?"

Hannunsa na dama ya sauko daga kan bargo ya fara lalube a iska, yatsun suna buɗewa suna rufewa. Hawaye na bin gefen kunnensa.

"Meire," ya ce. "Meire, kina ina?"

Jama'a, sunan ya shige ni har ƙashi. Ga ni zaune, na sha kwalliya, ƙafata na zafi saboda shi, na bar kwastomomi saboda shi, shekara biyu ina tsere da hadari a kan babur saboda shi, yana miƙa hannu yana kiran wata. Zuciyata ta ce, tashi ki ba shi naki. In yanzu ake adanawa, to a adana da ke. Dakta ta sunkuyar da kai tana duba agogon hannunta, ni kuma ban san lokacin da na miƙe ba. Taku biyu ne tsakaninmu. Na kama hannunsa na matse da dukkan ƙarfina.

Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa a bakin mutum ba. Ya fizge, ya faɗo daga kujerar, ya ja da baya har ya bugi tukunyar furen, yana goge tafin hannunsa a riga kamar ya taɓa wuta.

"Fita," Dakta Celina ta ce min. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dube ni ba.

Na daɗe a baranda ina jin ta tana kiran sunansa, tana sa shi ya faɗi launin labule, ya faɗi sunan unguwarsu. Da ta leƙo, ta ce min zai huta a nan, ita za ta sa shi a tasi. Na fara cewa, "Dakta, ni fa taimako..." Ta ce, "Ki je gida, Jussara. Ban san iyakar abin da ya faru ba tukuna, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce ba komai."

Ranar Asabar na tura masa saƙo sun fi goma. Ɗaya ya amsa: "Zan zo gobe."

Mama ta tashi da ƙarfinta ranar Lahadi. Kaza da kuɓewa, tuwon masara, wake da garin rogo, ga gwaiba da cuku na bayan abinci. Ta fito da farantan baƙi, ta saka rigar cocinta mai shuɗi. Ni na saka farar riga mara ado, na goge jan farcen tas, ban san dalili ba. Dival ya iso da burodi a takarda, ya sumbaci hannun Mama yana neman albarka.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka rame. Wannan yarinyar ba ta kula da kai ne?"

"Tana yi, Dona Neuza."

Da na matso zan rungume shi, sai ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi. Takalmin ba shi da igiya.

Muna tsakiyar ci gari ya rufe. Na ga cokali ya fara kaɗawa a hannunsa. Mama ba ta lura ba, ta goge baki ta gyara murya.

"To, Edival. Fada ya ba mu Asabar a Janairu. Ni tsohuwa ce, ba na son kwana-kwana. Me ka ce?"

Tsawa ta amsa mata. Ruwa ya sauko a kan kwanon baranda, Dival ya ture kujera ya ruga can baya, wajen da muke wanki. Na bi shi da gudu. Na same shi a durƙushe tsakanin injin wanki da bango, jikinsa na rawa fiye da duk yadda na taɓa gani. Wani ɓangare na zuciyata, Allah ya yafe min, har ya ce ga aikinki ya dawo. Na durƙusa na miƙa hannu.

"Kar ki taɓa ni!" Ya manne da bango. "Don Allah, Ju. Don Allah."

"Ni ce fa. Jussara ce."

"Na sani." Haƙoransa na haɗuwa. "Kafin hannun Meire, akwai wani hannu da na fara kamawa a cikin lakar. Na ja shi, na yi ta ja, bai riƙe ni ba. Sanyi ƙalau, da zobe a yatsa. Na Baba ne. Duk shekarun nan ban tuna ba, ni da Dakta ma ba mu kai wurin ba. Shekaranjiya ina lalube sai na ji hannu mai sanyi da zobe ya kama ni." Ya rufe ido. "Yanzu ko kallon hannunki na yi, shi nake ji. Na gwada, Ju, jiya wuni na yi ina kallon hotonki. Ba ya tafiya."

Na dubi hannuna. Na rasa inda zan ajiye shi, na ɓoye shi a bayana kamar yarinyar da ta saci nama.

"Zai wuce," na ce. "Dakta za ta gyara. Ko ba za ta gyara ba?"

"Ta ce za mu gwada." Numfashinsa ya fara sarƙewa, leɓɓansa sun yi fari. Ya turo min wayarsa a kan siminti da ƙafa, don hannunsa ba ya iya riƙe ta. "Kira min Meire. Ki yi haƙuri. Kira min ita."

Kun san na so in jefa wayar a cikin bokitin wanki. Na so in ce masa in ita ce maganinka, je ka ka saka mata zoben. Amma mutumin nan numfashi yake nema a gabana, kuma ni na jawo. Na nemo sunanta, yana can sama cikin waɗanda ya kira kwanan nan. Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba ta ɗauka, ban ma buɗe baki ba.

"Dival, ruwan ne ko? Ina nan. Ja numfashi, yadda muka yi rannan."

Yadda muka yi rannan. Ashe ranar da na cire takalmina ina jira, ba numfashin Dakta kaɗai ya yi ba.

Ruwa na dukan kwano, ba ya jin ta daga ƙasa. Dole na ɗaga wayar na kara masa a kunne. Na riƙe ta da bakin yatsu biyu, ina lanƙwasa sauran don kar fatata ta goge kuncinsa. Ina kallo kafaɗunsa suka sauko, rawar ta ragu, har ya ce mata, "Ina jin ki, Meire," da muryar da a da tawa ce.

Sai na ji takun Mama a bayana. Ta tsaya a bakin ƙofa da tsumman kwanuka a kafaɗa, ta dubi Dival, ta dubi yadda nake riƙe da wayar, ta saurari muryar macen da ke fita daga ciki.

"Ju," ta ce a hankali, "wace ce wannan? Kuma me ya sa ke ba ya bari ki taɓa shi?"

Hannuna ya gaji, amma ban isa in sauke shi ba, don Meire ba ta gama magana ba.